Ɓerayen da na tarar a firizar Baturiya

Mu a Gidan Kwano ba a shawara da maciji. Da zarar damina ta sauka, ciyawa ta cinye hanyoyin da ɗalibai ke bi daga ɗakunan haya zuwa ƙofar Jami'ar Fasaha ta Tarayya a titin Minna zuwa Bida, duk wanda ya hango abu yana jan ciki sai ya ƙwala ihu, a fito da sanduna. Da wannan idon na sauka Nottingham a Ingila, inda na yi kwas na wata uku kan kiwon dabbobi.

A gidan wata dattijuwa na kama ɗaki. Kwana uku da zuwana na buɗe firiza zan ajiye kazar da na sayo a shagon halal, sai ga leda cike da ɓeraye farare, a daskare ƙau, an rubuta nauyinsu a jiki. Gabana ya faɗi. Da na tambaye ta, sai ta ja ni falo ta nuna mini wani akwatin gilashi mai shimfiɗar ɗumama ƙasa. A ciki wata 'yar mesa ce, tsawonta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya. Irin nan ce da ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Wato 'yar yankinmu ce, a can muka haɗu.

Ran Lahadi na tsaya na ga yadda ake ba ta abinci. Dattijuwar ta ciro ɓera ɗaya, ta bar shi ya saki, sannan ta sa shi a leda ta tsoma a ruwan ɗumi. Ta kama shi ta wutsiya da dogon hantsaki, tana ɗan kaɗa shi a gaban mesar. A leɓen mesa akwai wasu 'yan ramuka da take jin ɗumin jiki da su, shi ya sa in naman ya yi sanyi sai ta kau da kai. Harshen mesar ya fito sau biyu. Kafin in ƙifta ido ta cafke, ta nannaɗe shi, ta fara haɗiya daga kai. Ba za ta sake ci ba sai bayan kwana goma ko fi.

Na ce, "Baba, me zai hana ki jefa mata mai rai, tun da haka take ci a daji?"

Fuskarta ta sauya. Ta ce a daji ɓera yana da hanyar gudu, a akwati kuwa ba shi da ita, sai firgici har ya mutu. Kuma ɓeran da aka ƙure yakan ciji mesar, har ya fasa mata ido. Masu kiwon ɓerayen sukan sa su a rufaffen akwati, su saki iskar kabon-dayoksaid a hankali har su suma, su mutu a sume, sannan a daskarar. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 a ƙasar ta hana a azabtar da dabba ba gaira ba dalili.

A daren nan na kasa barci. Malamin allonmu ya koya mana tun muna yara cewa a wasa wuƙa kafin yanka, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata a kan idon 'yar'uwarta. Ashe mun san darasin, amma mun tsayar da shi a kan rago da kaza.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gam ɗin ɓera da ake sayarwa a kowane shago a bakin ƙofar jami'a a Gidan Kwano. Na sha ganin ɓera manne a kwali a bola, yana tsuwa tun safe har la'asar, fatarsa na saɓulewa yana ƙoƙarin tashi. Ingila ta hana jama'a amfani da wannan tarko tun 2024, sai mai lasisi. Ɓera ɓarna yake yi, yana kuma yaɗa zazzaɓin Lassa, kashe shi dole ne. Amma ɗan'uwa, in gam ɗinka ya kama, ka gama da shi nan take da bugu ɗaya, kada ka jefar da shi da ransa.