Fitila Mai Ruwan Ɗorawa

A gidanmu na Kambaza, tun ranar da na gama digiri a ilimin kwamfuta, duk abin da ke da waya ko batir ya zama nawa. Wayar Inna ta ƙi caji, a kira ni. Rediyon Kawu ya daina kama tasha, a kira ni. Baba ba ya faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ya laƙaba mini Injiniya. Na sha yi masa bayanin cewa aikina rubuta manhaja ne, ina zaune a ɗakina a Kalgo ina yi wa wani kamfani na Legas aiki ta intanet. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ai duk kwamfuta ce."

Saboda haka ban yi mamaki ba da wayata ta yi ƙara wata safiya bayan sallar asuba.

"Injiniya, wagga mota ta kunna wata wuta, kuma ta bar gudu. Taho ka gani."

Baba ya yi shekara 35 a ma'aikatar gona. Ya san tarakta, ya san injin ban-ruwa, ya san tsohon injin Lista da ke niƙa a bakin kasuwa tun muna yara. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne injin dizal ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji. Da kuɗin sallamarsa suka fito a ƙarshen 2021, ya kwashi mafi yawansu ya sayi wata baƙar jif mai shan dizal, ƙirar 2016, irin waɗanda aka gama hawa a Turai muke ce musu Beljiyam. Dalilansa biyu ne: hanyar gona da damina, da kuma kai Inna asibiti a Birnin Kebbi, don ta daɗe tana fama da fuka. Dillalin ya juya rasit ya rubuta da biro a bayansa: garanti wata uku, inji da giya.

Kwana ashirin da uku motar ta yi a hannunmu kafin fitilar ta kama. 'Yar ƙarama ce, ruwan ɗorawa, a gaban direba. Daga nan komai taka totur ɗinka ba ta wuce gudun kilomita 60, kamar jakin da aka yi wa dabaibayi.

Na sayi wata 'yar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a wani soket mai baki 16, tana magana da waya. Ta ba ni lamba: P2463. Na yi kwana biyu ina karatu kamar mai shirin jarrabawa. Ashe a cikin salansar motar akwai wata tukunya ta yumɓu mai dubban ramuka kamar saƙar zuma, aikinta kama kunkunniyar hayaƙi kada ta fita iska. Tun wajen 2009 kusan duk motar dizal da aka ƙera don Turai tana da ita. Idan ta fara cika, ƙwaƙwalwar motar takan ƙara fesa mai don salansa ta yi zafin da ya kai digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Amma ƙonawar tana son a yi minti goma sha biyar ko ashirin ana gudu a kan kwalta ba tsayawa. Tafiyar Baba kuwa daga gida zuwa masallacin Juma'a ce, zuwa gona, zuwa gaisuwar mutuwa a unguwar gaba. Motar ta fara ƙona dattinta, ya kashe ta. Ta sake farawa, ya sake kashewa. Da tukunyar ta toshe, ƙwaƙwalwar ta rage wa injin ƙarfi don kada ya lalace.

Muna cikin wata ukun, sai muka ɗauki rasit muka koma wajen dillali. Ya tarbe mu da ruwan sanyi da fara'a.

"Alhaji, inji na tashi?"

"Yana tashi."

"Giya na shiga?"

"Tana shiga."

"To ai garantina na nan daram. Wannan wuta ce, ni kuwa ban ba da garantin wuta ba. Wasu ma baƙin salatif suke liƙawa a kai su huta."

Na fara yi masa bayanin tukunya da kunkunniya, Baba ya dafa mini gwiwa. Bai ce komai ba har muka fita gari. Ni dai na san abin da ke cinsa: mutumin da ya yi shekaru yana ba manoma shawara a kan inji, yau yaro sa'an ɗansa ya yi masa dariya a kan inji.

A aljihun gaban motar na tarar da wani littafi da Jamusanci, cike da hatimin garejin da ya riƙa yi mata sabis. Na fassara shi da waya. Garantin kamfani ya ƙare tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Na kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, na saka a shafin kamfanin, sai ga labari mai daɗi: an taɓa kiran irin wannan mota don a canja wani sashe na bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, kyauta, kuma tamu ba a kai ta ba. Na rubuta musu wasiƙa ta imel. Suka amsa cikin ladabi cewa gyaran yana nan kyauta, mu kai ta wajen kowane wakilinsu a Turai. Na karanta wa Baba. Ya ce, "To ka tambaye su ko jirgin ruwan na biyowa ta Gwandu."

A Amurka doka ce ta tilasta wa kamfanin mota ya tsaya wa manyan kayan tace hayaƙi har shekara 8 ko mil 80,000. Can hukuma ce ke riƙe da garanti. Namu yana bayan rasit, kuma wanda ya rubuta shi ne mai fassara shi.

Sai kuma maganar mai. A Turai, tun 2009, dizal ɗin da ake sha a kan titi ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin salfa, wato farar wuta. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa dizal mai datti musamman don Afirka ta Yamma, kuma a lokacin ƙa'idar Najeriya ta yarda da har kashi 3,000. Ninki ɗari uku ke nan. A Disambar shekarar Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka yi shelar za su sauko zuwa 50. Shela daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya daban. Farar wuta tana kashe sinadaran da aka shafe cikin salansa da su, man juye na gama-gari kuma yana barin tokar da ba ta ƙonewa ko da wane irin zafi. Ga ƙurar hunturu a kai.

Abin da na fahimta a matsayina na mai rubuta manhaja shi ne duk manhaja tana tafe da zato. Wanda ya rubuta ta wannan motar ya zaci mai tsabta, ya zaci babbar hanya, ya zaci gareji mai kwamfutar kamfani a kowane gari. Bai yi laifi ba. Kambaza ce kawai ba ta cikin lissafinsa.

Na ƙi yarda a fasa komai. Muka sa aka sauke tukunyar aka wanke, na samo man juyen da ya dace da tsada, na kafa doka: duk Asabar zan fitar da motar kilisa. In ɗauko ta in hau kwaltar Kalgo zuwa Jega in dawo, ba fasinja ba kaya, waya a gefe tana nuna mini zafin salansa yana hawa. Ana haka 2022 ta zo, kuɗin dizal ya ninka fiye da biyu. Masu shayi a bakin hanya suka gane ni. Ɗaya ya tambaye ni ko budurwa gare ni a Jega. Na ce mota nake ƙona wa mai don ta ji daɗi, ya ɗauka ba'a nake yi.

Mun yi kusan shekara a haka. Sannan wani rubutu ya fito a gaban direba, da lambobi suna raguwa: saura kilomita kaza mota ba za ta sake tashi ba.

Akwai wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi kusa da na mai, wanda ba mu taɓa buɗewa ba. Ana zuba masa wani ruwa mai suna AdBlue, ana fesa shi cikin salansa ya karya gubar hayaƙi. Haɗinsa kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ne, sauran tataccen ruwa. Kuskurena shi ne na faɗi kalmar yuriya a tsakar gida. A Kebbi, ƙasar shinkafa, wa zai yi odar yuriya daga Abuja ga buhuna jibge a ɗakin ajiya? Kafin Asabar ta zagayo, ɗan ƙanen Baba da ke tuƙa shi ya jiƙa takin zamani da ruwan rijiya, ya tace da ɗankwali, ya cika tankin. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma in don ta sunan sinadari ne bai yi ƙarya ba. Sai dai ruwan ya bushe ya zama farin gishiri ya toshe bakin feshin. Na zubar, na wanke, na zuba na gaskiya, lambobin suka ci gaba da raguwa, don na'urar da ke sansanar hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu ba a tace shi. Na yi odar sabon bakin feshi daga waje. Na ce a ajiye motar har ya iso. Aka yi rasuwa, aka yi suna, aka ce ai nan da nan ne.

A wani dare na Janairun 2023, hazo ya rufe gari, fukar Inna ta tashi. Abin shaƙarta bai yi mata komai ba. Aka sa ta a bayan mota, aka murɗa, fitilu suka kama ras, inji bai ko yi tari ba. Lambar ta kai sifiri. Sai da aka buga ƙofar maƙwabci aka tura tsohuwar Fijonsa ta tashi. Ni daga Kalgo na same su a asibiti. Allah ya sa an kai ta a kan lokaci, bayan kwana biyu aka sallame ta.

A barandar asibitin Baba ya tambaye ni, ba da faɗa ba.

"Injiniya, mai cike da tanki, batir lafiya, inji lafiya. Mi ya hana ta tashi?"

Na san amsar. Wani mai irin aikina ne ya zauna ya rubuta: idan lamba ta kai sifiri, kada a tashi. Dokar Turai ce ta sa shi, don kada direbobi su riƙa yawo ba ruwan, suna cika birni da hayaƙin da ke tayar da fuka. An rubuta layin ne don kare huhu irin na Inna. Ban iya faɗa wa Baba haka ba. Na ce, "Kwamfuta ce, Baba."

Mako na gaba muka sa aka ja ta zuwa wani gareji a Sakkwato. Yaron da ke aikin wayarin bai kai ni shekaru ba, da tsohuwar laftof mai fasasshen murfi. Ya lissafa mini aikin kamar mai karanta farashin kayan miya: a huda tukunyar a zazzage cikinta, a toshe bututun mayar da hayaƙi da faifan ƙarfe, a wanke ƙwaƙwalwa. Ya zuƙo manhajar motar ya tura wa wani a ƙasar waje ta WhatsApp, bayan awa ɗaya aka dawo masa da ita a gyare. Na roƙe shi ya bar ni in jera tsohuwar da sabuwar. Ban san ma'anar kowace lamba ba, amma na gane salon aikin, don na taɓa ganin irinsa a ofis: gwaji ya ƙi wucewa, lokaci ya ƙure, sai a kashe gwajin. Daga yau ƙwaƙwalwar za ta riƙa ganin tukunya fes, tanki cike, hayaƙi tsarkakakke, har abada.

Ina ajin ƙarshe na fahimtar sana'ata lokacin da abin kunyar Volkswagen ya fashe a Satumbar 2015, kuma na bi labarin kamar wasan ƙwallo. Motarmu ba tasu ba ce, amma labarin ya faɗo mini a garejin nan. Sun saka wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin da ake gwada mota, ta lura sitiyari ba ya motsi, sai ta tace hayaƙi da kyau. Da an hau titi ta saki guba har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya sauka. Wani injiniyansu, James Liang, ya sha ɗaurin wata 40. Na tuna yadda na cika baki a gaban abokaina cewa ni ko za a kore ni ba zan rubuta irin wannan ba. Na kuma san tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Yaron ya ɗora yatsa a kan madanni ya dube ni. "Oga, in tura?"

Na ce ya fara ba ni kwafin tsohuwar tukuna. Ya ba ni. Na ce tura.

Motar ta tashi da murɗa ɗaya. A hanyar dawowa ta yi gudun da ba mu taɓa jin ta yi ba, Baba yana ta murmushi yana shafa dashbod. Da na taka totur a wani hawa na duba madubi, na ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe wani mai babur da ya goyo mace da jariri.

Yau shekara biyu ke nan ba ta sake kunna fitila ba. Baba yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa Injiniya ne ya gyara ta bayan Turawa sun kasa, ni kuma ban taɓa gyara masa zancen ba. Abin da na roƙa kawai shi ne a daina ɗumama ta a cikin gida, a riƙa ajiye ta a waje, salansa na kallon gona. Wani lokaci ana tunawa. Ran da aka manta, Inna takan tashi da kanta ta rufe tagar ɗakinta.

Bakin feshin da na yi oda ya iso bayan wata biyu. Yana cikin kwalinsa a kan kantar littattafaina a Kalgo, tsohuwar manhajar kuma tana cikin laftof ɗina, a wata jaka da na sa wa suna "asali".