Carbin Mahaifina

Lokacin da nake yaro a garin Keffi, wajejen ƙarshen shekarun 1980, tun garin yana cikin Jihar Filato kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wani carbi wanda kowa a unguwarmu ya san shi. Ƙwayoyinsa baƙaƙe ne wuluk, in ban da guda ɗaya ja wadda aka zura a madadin wata da ta fashe. Baya ga lazimi, carbin nan yana da wani aiki na biyu. Akwai wani Alhaji mai kanti a bakin kasuwa wanda suka ƙulla magana da shi, cewa duk yaron da ya zo da carbin a ba shi abin da ya ambata a rubuta, in wata ya ƙare su yi lissafi. Mu yaran gidan muna da yawa, ga almajirai, Alhaji kuwa ba zai iya riƙe fuskokinmu duka ba. Saboda haka carbin ya zama shi ne bakin mahaifina a kantin.

Wata rana bayan azahar, Baba yana ƙailula a zaure, na lallaɓa na zare carbin daga gefen buzu, na sheƙa kasuwa. Alhaji ya karɓa, ya juya shi har ya ga jar ƙwayar, ya ce, "Me Malam yake so?" Na ce gwangwanin madara biyu da kwalin sukari. Ya miƙo mini ba tare da wata tambaya ba. Na mayar da carbin inda yake, ni da abokaina muka sha daɗinmu a bayan gari. Amma masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da wata ya ƙare aka zo lissafi, Baba ya ce shi bai aika a karɓo madara ba. Ina laɓe a bayan ƙyaure na ji amsar da Alhaji ya bayar, wadda har yau ba ta bar kunnena ba: "Malam, ni carbi na gani, kuma carbin na gaskiya ne."

Baba bai dake ni ba, ko da yake kunyar da na sha ta fi bulala zafi. Washegari ya je ya soke maganar carbi. Daga ranar, duk wanda zai aika sai ya ba shi 'yar takarda da ajami, a jikinta akwai sunan ɗan aike, da abin da za a ba shi, da ranar da aka rubuta ta, sannan da sa hannunsa wanda Alhaji ya sani sarai. Takardar jiya ba ta aiki yau, ta sukari kuma ba ta karɓo madara.

Abin da ya tuno mini da wannan labari shi ne rajistar jarrabawar ɗan ƙanena. Tun daga 2021 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, ta wajabta wa kowane ɗalibi mallakar lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, wadda ake kira NIN. Yaron ya tura lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019, ba a jima ba sai ga amsa ɗauke da sunansa da wata lamba mai gurbi 10, wadda da ita zai ci gaba da rajista. Ya dube ni ya ce, "Baba, yaya aka yi suka san sunana alhali ban faɗa musu ba?" Na ce masa ai tambaya suka yi. Na'urar hukumar jarrabawa ta tuntuɓi rumbun hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, can ne aka shaide shi. Ina cikin yi masa bayani sai na ga ashe kantin Alhaji nake siffantawa.

Ni malamin adabi ne, amma sha'awa ta sa na zauna da abokan aikinmu masana kwamfuta har na fahimci yadda abin yake tafiya. A da, kowace manhaja ita take ajiye sunayen masu hulɗa da ita da kalmominsu na sirri, tamkar mai kantin da ya ce sai ya haddace fuskar kowane yaro a gari. In ɓarawo ya fasa manhaja ɗaya, ya kwashe asirin kowa. Sai masana suka raba aikin gida biyu. Aka ware wata uwar garke wadda ba ta da aiki sai tantance mutane, sauran manhajoji kuma suka jingina da ita. Kafin komai, mai manhaja zai je ya yi rajista a wurinta, a ba shi suna da mabuɗin sirri, su san juna, kamar dai yadda Baba da Alhaji suka fara zama suka ƙulla magana. Bayan nan, idan mutum ya zo shiga manhajar, sai ta tura shi wurin uwar garken. Can zai faɗi kalmarsa ta sirri, manhajar ba ta ji ba, ba ta gani ba. In an gamsu da shi, sai a ba shi alama ya koma da ita. A jikin alamar an rubuta ko shi wane ne, da abin da aka yarje masa, da lokacin da za ta mutu, an kuma buga mata hatimin lissafi wanda manhajar za ta iya tabbatarwa amma ba za ta iya ƙirƙira ba. Ƙa'idar da ta tsara wannan hulɗa, OAuth 2.0, ta fito a 2012, aka ɗora mata OpenID Connect a 2014. Duk wanda ya taɓa shiga wani shafi ta hanyar akwatinsa na Google ya bi wannan hanya, ko ya sani ko bai sani ba. A 2022 ma hukumar NIMC ta fito da irin tata alamar, lamba mai gurbi 16 wadda ke mutuwa bayan awa 72, domin mutum ya miƙa ta a madadin ainihin lambarsa.

Mai karatu zai lura cewa gyare-gyaren nan guda uku, wato iyakance abin da za a bayar, da sa wa'adi, da ikon sokewa, su ne Baba ya yi a zaurensa ba tare da ya taɓa ganin kwamfuta ba. Sai dai akwai ɓarakar da takardar Baba ba ta toshe ba, haka su ma masanan ba su gama toshe ta ba. Alama ba ta san hannun da ya riƙe ta ba. Da zan tare ƙanena a hanya in karɓe takardarsa, in Alhaji bai ɗaga kai ya dube ni ba, da ni zan tafi da sukarin.

Wannan ɓaraka ta shigo gidanmu bara. Gwaggona, wadda ta haura saba'in, tana tara kuɗin adashen matan unguwa a asusunta na banki. Wani ya buga mata waya da Hausa tsantsa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta in ba a gyara shi yau ba. Ya ce wata lamba za ta shigo wayarta, ta karanto masa. Ta kira jikarta ta karanta mata, ita kuma ta maimaita masa. Kafin la'asar an share asusun. Da na je dubiya na tarar da ita a bakin gado, ta ce, "Ɗana, ni ban ba shi kati ba, ban ba shi kuɗi ba. Lamba ce kawai." Na rasa abin da zan ce mata, domin na san amsar da na'urar za ta bayar in da tana da baki, ita ce dai amsar Alhaji. Mu 'ya'yanta muka haɗa kuɗin matan muka biya, amma ta ajiye riƙon adashen da ta yi shekaru tana yi, ta ce ba ta ƙara yarda da hannunta.

Dalilin da ya sa na kawo maganar cikin wannan mujalla shi ne abin da nake gani a tsakanin ɗalibanmu. Duk lokacin rajista za ka ga ɗalibi ya miƙa wa mai shagon kwamfuta kalmarsa ta sirri da wayarsa, ya tafi cin abinci. Wani ya ba abokinsa layin da ya yi rajistar jarrabawa da shi. Sunansa da sakamakonsa da kuɗin makarantarsa duk suna rataye a jikin abin da ya saki. Bugu da ƙari, akwai nauyi a kanmu mu masu nazarin Hausa. Saƙon da ya shigo wayar Gwaggo yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa lambar, amma da Turanci aka rubuta shi, ɓarawon kuwa da Hausa ya yi mata magana. Muddin ba mu samar wa waɗannan abubuwa sunayen da tsohuwa za ta ji ta gane ba, to macuci zai ci gaba da riga mu isa kunnenta. Da an ce mata wannan lamba sa hannunta ce, da ba ta karanta wa baƙo ba, domin ta san abin da sa hannu yake nufi.

Carbin yana wurina yanzu, shi ne rabona a cikin kayan Baba. Yakan kwana a aljihun rigata tare da wayata. Da na koma wurin Gwaggo na biyu, shi na ciro na nuna mata jar ƙwayar, na ba ta labarin madara da sukari, wanda ashe ba ta taɓa ji ba. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira jikarta ta ce, "Zo ki ji. Daga yau in lamba ta shigo, carbin Yaya ne. Ba a ba kowa."