Windows 11: sai na sayi sabuwar laftof ke nan?

1/ Jama'a, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutar ba za ta mutu ba fa, mai gadi ne dai ya tashi daga bakin ƙofa.

2/ Hawa Windows 11 kyauta ne, amma sai kana da TPM 2.0, kuma in Intel ce, galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Tawa ta hannu ce, ƙarni na 6. Wato kuɗin sabuwar laftof ake magana, ga kuɗin makaranta na jira.

3/ Me nake yi da ita? Word, PDF, binciken firojek. Wallahi ba zan ci bashi don kwalliyar allo ba.

4/ Tsorona ɗaya ne: ƴan kutse. Shi ya sa na shiga shirin ESU, zan ci gaba da samun gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Daga nan sai Linux Mint, ba ko sisi.

5/ Ku gwada taku da PC Health Check. In ta ci, ku hau kawai. In ba ta ci ba, ku riƙe kuɗinku tukuna.