Kafin ka sa rigar kamfani

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka ga sanarwa ana neman samari da 'yan mata da za su tallata kayan kamfani a kasuwanni da bakin shaguna, kuma ranka na son aikin, sai dai kana jin nauyi kada abokan karatunka su gan ka tsaye a rana da riga mai tambari. Wannan nauyin ka sauke shi tun yau. Talla ba baƙo ba ne a gidanmu. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi, suna ratsa ƙasar Mosi zuwa Salaga su dawo da goron Gwanja, su ne suka yada zango a Wagadugu har unguwa ta kafu, kuma babu ɗayansu da ya sayar da ƙwayar goro bakinsa a rufe. Na sha ganin mahaifina ya kwance huhu a gaban mai saye, ya yayyafa wa ganyen ruwa, ya zura hannu can ƙasa ya zaro ɗaya, ya ɓare shi biyu ya miƙa. Da gangan yake zarowa daga ƙasa, don mai saye ya tabbata ba a jera masu kyau a sama an ɓoye masu tsutsa ba.

A tsohon Zango aka haife ni, wanda takardun hukuma ke kira Zangouettin, can tsakiyar gari kusa da titin Kwame Nkrumah. A 2003 aikin sake gina tsakiyar gari da ake kira ZACA ya rushe unguwar aka watsa mu, wasu Ouaga 2000, wasu Nioko, wasu kuma irinmu muka gangaro yammacin gari, nan Zongo. A watan Mayu na wannan shekarar kuma gobara ta cinye babbar kasuwa Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. 'Yan kasuwa da yawa a shekara guda suka rasa gida suka rasa rumfa. Na zuba ido na ga waɗanda suka fara miƙewa, kuma kaurin jari bai raba gardamar ba. Waɗanda suka miƙe su ne waɗanda masu saye suka riƙa cigiyarsu, suna bin su har kasuwannin Sankaryaré da Dix Yaar don a hannunsu suka saba saye hankali kwance.

Na kawo maka wannan ne don ka san abin da kamfani zai ɗauka haya a wurinka. Kaya nasu ne, lema tasu ce, lasifika ma tasu ce. Abin da ba su da shi shi ne fuskar da matar unguwa za ta gani ta ce, ai ɗan gidan wane ne, bari in gwada. Wannan yardar iyayenka ne suka tara ta shekara da shekaru, kuma ita za ka riƙa ciro wa kamfani kullum. Bayan 'yan makonni tallan zai ƙare, su naɗe lemarsu su nufi Koudougou ko Bobo-Dioulasso, kai kuwa kana nan, sahu ɗaya a masallaci da mutanen da ka ce wa kayan nan na da kyau. Duk abin da zan faɗa maka daga nan, a kan wannan yake tsaye.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Za su nemi CV, da wasiƙar neman aiki, da kwafin katin shaidarka na CNIB, da kwafin takardar BEPC ko BAC in kana da ita. Wasu su ce sai an buga wa kwafin hatimi a ofishin magajin gari ko na 'yan sanda, wasu su ƙara da takardar kotu mai shaida ba ka da laifi a kanka, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Kwafi kawai za ka bayar. Asalin katinka da asalin takardar makarantarka ba sa kwana a hannun kowa. Shafi ɗaya ya ishi CV ɗin wanda bai taɓa aiki ba, kuma kada ka ƙirƙiro wurin aikin da ba ka yi ba, don kiran waya ɗaya zai tona ka. Rubuta abin da ka yi da gaske: hutun da ka yi kana tsare shagon kawunka, lokacin da ka sayar da katin waya, ragunan da ka taya sayarwa gab da Babbar Sallah. Ga mai ɗaukar ɗan talla, wannan ya fi makin lissafinka nauyi. Tunda ɓangarenmu ba a yanka filaye ba balle a sami lambar gida, sa lambar wayar da ba ta mutuwa, ka ƙara ta wani babba a gida. Ka kuma je ka yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, don sanarwar da ta bi ta hannun hukuma ta fi wadda ke yawo a WhatsApp ba sunan kamfani ba adireshi.

Akwai abu ɗaya da yaran Zango ke mantawa su rubuta, alhali shi ne babban jarinsu: harsuna. Kai da Hausa ka tashi, Mosanci a titi ka sha shi, kana jin Julanci, Faransanci kuma ka koya a makaranta. A shekarun da na yi ina raba sabulu da man girki a shaguna wa wani babban dila, na ga masu digiri sun tsaya gaban tsohuwa mai tumatir suna zuba Faransanci, ita kuwa ta kau da kai ta ci gaba da jera kayanta. Ciniki a kasuwannin Wagadugu da Mosanci ake ƙulla shi, kuma da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala sefa 5. Wanda zai tsaya yana lissafi da yatsa kafin ya gane dala ɗari ita ce sefa 500, mai saye ta riga ta wuce. Rubuta harsunan nan a sama, kada ka tura su ƙasan shafi.

Ranar ganawa ka riga lokaci isa, da tufafi masu tsabta ko da ba sababbi ba ne, ka gaisa yadda aka koya maka a gida. Sau da yawa mai ganawar zai ajiye wani abu a kan tebur, sabulu ko kwalbar lemo, ya ce sayar mini. Yara kan fara zuba yabo kamar maroƙa. Kai ka fara da tambaya: wane iri kike amfani da shi yanzu, nawa kike saye, kwana nawa yake yi miki? Na taɓa tsayawa a kasuwar Pissy ina kallon wata yarinya da aka ba tallan garin sabulun wanki. Ba ta ɗaga murya ba. Roba ta ajiye da ruwa rabi, da tsumman da ta shafa wa manja. Mace ta tsaya, sai yarinyar ta ce, Inna, ga shi, wanke da hannunki. Matar ta cuɗa, ta ɗaga tsumman ta duba a rana, ta shinshina tafin hannunta, sannan ta tambayi kuɗi. Yarinyar ta faɗi farashi, ta kuma ƙara da cewa in tabon ya kwana biyu sai an jiƙa tukuna. Wannan ƙarin maganar, wadda wani zai ce ta rage wa kayan daraja, ita ta sa matar ta kwance bakin zane ta ɗauki ƙulli biyu.

Idan sun gama tambayarka, kai ma kana da naka tambayoyin, kuma a nan ne kunya ke cutar yaranmu. An tarbiyyantar da ku kada ku yi wa babba maganar kuɗi, tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a wurin aiki rashin tambaya ba ladabi ba ne. Da farko ka san wa ya ɗauke ka. Galibi ba mai tambarin da ke jikin rigarka ne zai biya ka ba. Wani kamfanin talla ne ya karɓi kwangilar, shi ya tara ku. In kuɗi ya maƙale, ofishin mai tambarin zai ce bai san da kai ba. Don haka ka san sunan kamfanin da ya ɗauke ka, ka taka da ƙafarka ka ga ofishinsa. Sannan ka tambaya: kuɗin yini ne, ko la'ada ce a kan abin da ka sayar, ko duka biyun? Ranar da ruwan sama ya hana fita fa? Yaushe ake biya, ƙarshen mako ko sai an gama tallan duka? Kuɗin man babur a kan wa yake? Daga Zongo zuwa tsakiyar gari ka dawo kullum, mai kaɗai zai iya cinye rabin abin da ka samu. Tun 2023 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,684 zuwa 45,000 a wata. In ka raba shi a kan kwana 26 na aiki, kusan 1,700 ke nan a yini. Riƙe wannan a matsayin ma'auni. Wanda zai tsayar da kai daga safe zuwa magariba a zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, a kan abin da bai kai haka ba, bai ɗauke ka a bakin komai ba.

Abin da kuka yi magana a kai kuma a sa shi a takarda, ko da rabin shafi ne, da sa hannu. Wani yaro a layinmu ya yi wata guda cur yana tallan madara, ranar biya aka ce katan biyu sun ɓace a hannunsa, aka zabtare kusan duk haƙƙinsa. Bai ci ko gwangwani ɗaya ba, na yarda da shi, amma bai taɓa ƙirga kayan da ake sauke masa da safe ba, ba shi kuma da takardar da zai kai wa sufeton ƙwadago. Sayi ƙaramin littafi. Da safe ka ƙirga kaya a gaban wanda ya kawo, ka rubuta, ya sa hannu. Da yamma haka. Kyautar da aka ce a raba wa masu saye, hula ce ko bokiti, ta masu saye ce, ko ƙanwarka ce ta roƙa.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin a ba ka aiki, na buɗe fayil ko na horo ko na riga, tashi ka bar wurin. Haka masu tara matasa a ɗaki suna tafi, suna cewa ka sayi kaya da kuɗin gidanku sannan ka kawo mutum biyu su ma su kawo nasu. Mutum biyun nan daga ina za su fito in ba daga danginka da maƙwabtanka ba? Na san gidajen da zumunci ya yanke a kan wannan.

Sai tambayar da ta fi duka: mene ne kayan? Kada ka bari sai ranar farko ka ga abin da ke cikin katan. Akwai tallan giya da ake yi da dare a mashaya, akwai na caca, kuma sau da yawa su ne suka fi biya. Ba sai na yi maka wa'azi ba, ka san gidan da ka fito. Ka dai tambaya tun a ganawa, ka ce a sa ka a wani layin in akwai, in babu ka yi godiya ka fito. Wannan maganar ka isar wa ƙanwarka ma, don 'yan mata aka fi nema a wannan aiki: ta tambayi wurin, da lokacin tashi, da irin tufafin da za a ba ta, tun kafin ta ce to. Abin ci ko na sha kuwa, ka duba ranar lalacewarsa a jikin kowane katan, ka ɗanɗana da bakinka, ka kai gida a gwada. Maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a lokaci guda, kada bakinka ya taɓa yabonsa, domin wani zai ajiye maganin likita saboda ya yarda da kai.

Mai yiwuwa aikin da za ka fi samu na kamfanonin waya ne, Orange ko Moov Africa ko Telecel, ko buɗe wa mutane asusun kuɗi a waya. Aiki ne mai kyau, ana koyon abubuwa da yawa a cikinsa, amma akwai rami a gefensa. A 2023 gwamnati ta taƙaita layi 2 ga mutum ɗaya a kowane kamfani, ta kuma tsaurara rajista saboda halin tsaron da ƙasa ke ciki. Za a ba ka adadin da ake so ka cika, yamma ta yi ba ka cika ba, sai wani abokin aiki ya raɗa maka cewa ka yi rajista da katin tsohuwar nan da ba ta iya karatu ba, ai ba za ta sani ba. Kada ka yi, ko da za ka koma gida hannu wofi. Layin da aka buɗe da sunan wani, duk abin da aka aikata da shi ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa. Lambar sirrin asusun mutum ma ba taka ba ce. Miƙa masa wayar ya danna da kansa, ka kau da ido.

Aikin da gajiya, ba zan ɓoye maka ba. Za ka gai da mutum ashirin, goma sha biyar su wuce kamar ba su ji ba, wani ma ya yi maka tsaki. Ba da kai suke ba, kowa da abin da ya dame shi. Ka gaya wa shugaban tawagarku tun ranar farko cewa za ka riƙa ɗaukar 'yan mintoci don azahar da la'asar, ka kuma dawo a kan lokaci don kada ka ɓata wa na bayanka. Ka riƙe sunayen masu shagunan da kake tsayawa a ƙofarsu, ka san wanda kayansa ke ƙarewa da wuri da wanda ke biya ba ja-in-ja. Wannan sanin shi ke mai da ɗan talla wakilin dila, kuma da shi ake buɗe shagon kai wata rana. Lokacin baje kolin sana'o'in hannu na SIAO da bikin fina-finai na FESPACO kamfanoni kan nemi hannu da yawa, kuma waɗanda suka riga suka gwada suke fara kira.

Ranar da tallan ya ƙare, kada ka tafi sai ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi da kwanan wata, ita ce za ta cika layin da yau babu komai a CV ɗinka. Amma tun kafin ka fara, in sun ba ka takardar yarjejeniyar, ka ce a ba ka zuwa gobe, ka kawo mini bayan isha'i mu karanta tare kafin ka sa hannu. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da iyayen gida na gari.