Ƙato ne ke karyewa ko ƙarami?

Masu kula da zauren nan sun ce rubutun makon nan nawa ne. Tunda kaka ta kama, an fara jin ganga da kalangu da dare, zan ɗauko wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu ta bakin kasuwar Bena: tsakanin ƙato da mai ƙaramin jiki, wa ya fi kusa da rauni idan an shiga fili?

A ƙasar Zuru amsar a shirye take a bakin kowa. Mun tashi muna kallon kokawa lokacin Uhola, muna ganin samarin Dakarkari waɗanda noman golmo ya gina wa ƙirji da damtse, kuma duk wanda ya zauna gidan dambe ya san yadda ake shewa idan dogo mai faɗin kafaɗa ya fito yana kirari. Yaro in ya taso da ƙira, tun yana shekara 14 ake nuna shi da baki, ana cewa wannan kam ba mai taɓa shi. In kuwa ɗan firit ne, uwarsa ba za ta bari ya tsaya ko kusa da da'ira ba, kada a karya mata shi. Ni wannan lissafin bai gamsar da ni ba, kuma dalilina na farko a cikin gidanmu yake kwana.

Ɗan wana ƙato ne tun asali. Buhun masara yakan ɗaga shi kaɗai ya aza a mota ranar kasuwa, leburori biyu suna tsaye suna kallo. Saboda wannan jikin, duk lokacin da baƙi suka zo da gwarzonsu, shi ake turawa. Sauran yara a haɗa su da sa'o'insu, su kama sau ɗaya ko biyu, su karkaɗe yashi su koma gefe suna cin rake. Shi kuwa sai ya kama da wannan, a ce ga wani, ya gama da shi a ce ai ga wanda ya fi. A kaka guda ya zagaya ƙauyuka bakwai, kuma a kowanne da mafi nauyin garin ake haɗa shi. In ya ce gwiwa na masa ciwo, dariya ake yi: kai da wannan jikin? Ranar da abin ya faru ma ba kayar da shi aka yi ba. Ƙafarsa ce ta nutse a yashi, gangar jikin ta juya, gwiwar ta tsaya inda take. Mai ɗori ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta tsinke a ciki. Yau damina huɗu ke nan ba ya iya yini yana huɗa. Shekararsa 23, yana da mata da ɗa, kuma mutanen da suka riƙa tura shi fili ba wanda ya zo ya kama masa kunya ɗaya.

Abin da ba mu lura da shi shi ne, nama yana ƙaruwa da tuwo da aiki, amma jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da idon sawu ba sa ƙaruwa daidai da shi. Mai kilo 100 da mai kilo 60 kusan irin igiya ɗaya ce ke ɗaure da gwiwarsu, sai dai kayan da aka aza wa ɗayar sun fi yawa. Duk juyin da ƙato zai yi, duk faɗuwar da zai yi, da nauyinsa yake yin ta.

Dalilina na biyu daga nesa ya zo, kada ku yi dariya. Akwai wani wasa da Amurkawa ke mutuwar so, ɗan uwan zari-ruga, wanda ake yi da hular kwano da ƙwallo mai siffar gwanda. Ina kallon guntayensa a waya idan data ta samu. A kowace tawaga akwai mutum ɗaya da ke karɓar ƙwallon ya jefa wa abokansa, shi ne madugu, kuma shi ƙattin ɗaya ɓangaren ke farauta su maka da ƙasa. Masu kulob na zuba miliyoyin daloli a kan wannan mutum ɗaya, don haka sun daɗe suna irin musunmu na bakin kasuwa. Da yawansu sun yi imani cewa madugu sai dogo mai nauyi, don gajere ba zai jure duka ba.

To ga yadda ta kaya wa wasu. Cam Newton tsawonsa ya kai mita 1.96, nauyinsa wajen kilo 111, shi ne gwarzon gasar NFL na 2015. Da yake ƙato ne, sai aka mayar da shi abin fasa taro, ya ruga da ƙwallo cikin ƙatti fiye da sau 1,000 a rayuwarsa ta wasa. Kafaɗa ta lalace har aka yi masa aiki, ƙafa ta biyo baya, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Andrew Luck shi ma ƙato ne, wajen kilo 109, kuma ba ya gudun karo. A shekararsa ta farko, 2012, sau 41 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. A 2015 ƙodarsa ta tsage, 2017 gaba ɗaya bai buga ba saboda kafaɗa, a watan Agustan 2019 ya ce ya gaji, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 29. Shi kuwa Russell Wilson, wanda aka raina saboda tsawonsa mita 1.80 ne kacal, ya fara wasa 149 a jere tun daga 2012 bai fasa ko ɗaya ba, sai a Oktoban 2021 da ɗan yatsa ya zaunar da shi. Gwaninta ce da shi ta zillewa: in ya ga ƙato ya taso, ko ya sulale ƙasa da kansa ko ya fice daga layi. Ko ɗan ƙasarmu Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya buga wa Kansas City daga 1987 zuwa 1992, aikinsa ture mutane da jikinsa ne, kuma kaka shida kawai gwiwa ta bar shi ya yi.

Da na ga labarin Newton, ɗan wana na tuna. Jikin da ya sa aka yaba musu shi ne ya sa aka riƙa tura su inda duka ya fi yawa. Wanda aka buga sau ɗari ya fi wanda aka buga sau goma kusa da asibiti, komai kaurin wuyansa.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce na ce ƙarami ya tsira. Drew Brees, gajere a ma'auninsu, ya yi kaka 20 yana wasa, amma kafaɗarsa ta goce a ƙarshen 2005, kuma a 2020 an ƙirga masa karaya 11 a haƙarƙari. Hatsarin ƙarami daban ne: sau ɗaya yake zuwa, ranar da aka haɗa shi da wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, aka ɗaga shi aka nana da ƙasa, sannan ƙaton ya faɗo a kansa. Amurkawan ma sun gane haka. A Oktoban 2017 wani ya danne Aaron Rodgers, ƙashin da ya haɗa wuyansa da kafaɗa ya karye, shekara na zagayowa aka tsaurara doka cewa kada mai kayarwa ya sauke wa madugu dukan nauyinsa. A kokawarmu kuwa wannan dannewar ita ce abin da 'yan kallo suka fi so. Gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba ta raba nauyi, kowa da kowa ne, amma can manyan da suka ƙware ne, an tace su daga jihohi. A gasar kokawa ta ƙasashen ECOWAS kuwa aji-aji ake raba su bisa kilo. Mu a ƙauye sai a dubi yara biyu da ido a ce ai sa'o'i ne, alhali ɗaya ya fi ɗaya da rabin buhu.

Sai kuma kai, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali, musamman a dambe. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Idan hannun da aka naɗe da zare ya sauka a muƙamuƙi, kai ya fizgu, ƙwaƙwalwar kan bugi ƙashi daga ciki, kuma ƙato da ƙarami duk irin ƙwaƙwalwa ɗaya Allah Ya ba su. Wuya mai ƙarfi yana ɗan rage fizgar, iyakarsa ke nan. Likitan da ya buɗe wa duniya ido a kan wannan ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, daga Anambra. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, wani ƙaton tsohon ɗan wasa da ya rasu yana da shekara 50 bayan hankalinsa ya daɗe da rikicewa, ya tarar da lalacewar da bugu a kan bugu ya tara shekara da shekaru. Duk wanda ya san tsofaffin 'yan dambe ya san wasu da magana ke sarƙe musu, hannu na rawa, su manta abin da aka faɗa musu da safe. Mukan ce sammu ne ko asirin da suka sha ne ya juye musu. Ƙaramin da aka yi wa kisa a turmin farko ya tafi gida da kunya. Ƙaton da ya tsaya yana shanye naushi turmi uku, kowane dare, kaka bayan kaka, ana masa liƙi saboda taurin kai, shi ne yake tara abin da zai biya da tsufansa. In aka haɗa da ƙwayar da wasu ke haɗiya don kada su ji zafi, sai a kashe ɗan saƙon da jiki ke aikowa na a dakata.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu a makon nan shi ne yayata. Ɗanta na fari shekararsa 17, siriri ne kamar sillen kara, kuma ya ƙwallafa rai sai ya yi kokawa bana. Mahaifinsa ya rasu, shi ne hannunta a gona. Ta aiko aka kira ni ta ce, “Kai ne kawunsa, ka hana shi. Wancan mai jikin ma ga yadda ya ƙare, balle wannan.” Na ce, “Yaya, in na hana shi a nan, zai je ya yi a garin da ba mai saninsa, a haɗa shi da wanda aka ga dama.” Shiru ta yi, don ta san halin ɗanta.

Na zaunar da yaron na gindaya masa sharuɗɗa. Kokawa kawai, ba dambe. Ba zai kama da wanda ya fi shi da kilo biyar ba, ko da makaɗa sun kira sunan kakansa. Kamu biyu a dare, ya fita. In kansa ya bugi ƙasa ya ji jiri, ko amai, ko ya kasa tuna yadda aka yi, ya gama sai likita ya duba shi, ko da sai mun je Zuru. Ya ce, “Kawu, ai za a ce na ji tsoro.” Na ce ya je ya tambayi yayansa mai gwiwa me aka ce da shi a lokacin, kuma me ake ce masa yanzu. Ya je. Ban san abin da suka tattauna ba, amma ya dawo ya ce ya yarda, sai dai yana son kamu uku. Mun tsaya a kan biyu.

Saura maganar kilo. Na yi magana da wani mai sayen waken soya a kasuwa, ya yarda zai ara mana sikelinsa ranar da za a buɗe fili, mu auna yaran kafin a haɗa su. Dattawa biyu sun riga sun ce wannan bidi'ar 'yan boko ce, kakanninmu da ido suke haɗawa. Sarkin fili bai ce e ba, bai ce a'a ba. 'Yan uwa na Ribah, Wasagu da Dabai, in akwai inda aka taɓa auna 'yan kokawa kafin kamu a wajenku, ku gaya mini yadda kuka shawo kan dattawa, don ranar Juma'a zan koma wurinsa.