Japan, Ƙasar da Ba a Tsallake Aji

A takarda, tsarin makarantun Japan da na Najeriya iri ɗaya ne: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Su sun ɗauki wannan tsari a 1947, lokacin da Amurka ke riƙe da ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mu kuma muka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980. Sai da na taka ƙasar na ga inda hanyoyinmu suka rabu. A can, in ka san ranar haihuwar yaro, ka san ajinsa, ba sai ka tambayi kowa ba.

Tafiyata ta faɗo farkon Afrilu, na sauka a Saitama, arewa da Tokiyo, wurin wani ƙanen abokina Bakano mai sana'ar turo kayan gyaran mota gida. A wannan watan shekarar karatu ke farawa, daidai lokacin da itatuwan sakura ke fure. Ranar bikin shigar 'yan aji ɗaya unguwar ta cika da iyaye cikin kwat, wasu matan cikin kimono, kowa riƙe da hannun ɗan shekara 6 da ke goye da wata jaka mai tauri wadda ta kusa rinjayarsa. Jakar ana kiranta randoseru, tana da tsada ƙwarai, sau da yawa kakanni ne ke saya, kuma ita yaro zai goya har ya gama aji shida. Bayan 'yan kwanaki sai na riƙa ganin yaran nan da safe da hulunansu ruwan ɗorawa, suna tafiya a jere bayan 'yan aji biyar da shida, babu uba babu direba.

Ƙa'idar ba ta da kwana. Duk yaran da aka haifa daga 2 ga Afrilu zuwa 1 ga Afrilun shekara mai zuwa aji ɗaya suke, daga Hokkaido har Okinawa. Yara biyu da kwana guda ya raba haihuwarsu, ɗaya ranar 1 ɗaya ranar 2, shekara cur ce tsakaninsu a makaranta. A cikin shekara 9 na karatun dole ba a tsallakar da yaro don ya yi ƙoƙari, kuma da wuya ƙwarai a ce ya maimaita don ya gaza.

Mai masaukina ya ɗanɗana wannan da kansa. Ɗansa na fari ya baro Kano yana ɗan shekara 10, har ya shiga aji ɗaya na sakandare, don an ɗauke shi daga aji huɗu na firamare kamar yadda makarantun kuɗi suka saba. Da suka je ofishin ilimi na gundumarsu, jami'ar ta dubi takardar haihuwa kawai ta ce aji biyar na firamare.

"Wallahi Yaya, ranar ban yi barci ba," in ji shi. "Na ce yaro ya yi gaba a dawo da shi baya? Amma yanzu ko kyauta aka ce in mayar da shi inda yake, ba zan yarda ba."

Na ga dalilinsa da aka bar ni na leƙa makarantar yaron. Da tsakar rana ɗalibai suka sa fararen riguna da huluna, suka turo abinci daga kicin, suka raba wa junansu, malamar ta zauna ta ci tare da su. Bayan nan kowa ya ɗauki tsintsiya ko tsumma, aka share aji da baranda. 'Yan aji shida ne ke zuwa taimaka wa 'yan aji ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne duk aikin nan an auna shi da shekarun yaro. Malama ta san ƙarfin hannun ɗan shekara 7, ta san abin da zai iya ɗauka da abin da zai zubar, domin a gabanta babu ɗan 5 da aka cusa, babu ɗan 12 da ya makara. Mu kuwa aji guda kan zama kamar kwandon tumatir, da ɗanye da nunanne duk a haɗe, sannan a ce malami ya yi mu'ujiza.

Kowace ƙasa da nata lissafin. A Ingila yaro na shiga makaranta a Satumbar da ta biyo bayan cikarsa shekara 4, a Finland sai shekarar da zai cika 7. Maƙwabtanmu na Nijar suna bin tsarin Faransa: firamare 6, kwaleji 4, lise 3, kuma ƙirgen azuzuwan sakandare baya-baya yake tafiya. Japan ta bambanta ne wajen yadda duk ƙasar ke ɗaga ƙafa tare. Kasafin kuɗin gwamnati a Afrilu yake farawa, kamfanoni ma a Afrilu suke karɓar sababbin ma'aikata, waɗanda suka kammala jami'a a Maris. Shi ya sa sauya kalandar ya gagara. Jami'ar Tokiyo ta yi yunƙurin komawa ɗaukar ɗalibai da kaka a wajejen 2012, abin bai yiwu ba. A 2020, da korona ta rufe makarantu, gwamnatin Shinzo Abe ta sake duba batun farawa a Satumba, ita ma ta ajiye shi.

Ba na cewa babu kuka. Yaron da aka haifa a Maris yakan sha wuya a shekarun farko, don kusan shekara ɗaya abokan ajinsa suka ba shi. Mai kaifin ƙwaƙwalwa kuma dole ya jira sa'o'insa, kuma da yamma makarantun lesin cike suke da masu shirin jarrabawar shiga babbar sakandare. Amma ko ƙofar gaggawar da suka buɗe 'yar ƙarama ce: Jami'ar Chiba ta fara karɓar 'yan shekara 17 masu hazaƙa ta musamman a 1998, kuma har yau tsiraru ne ke bi ta nan. Wanda karatu ya wuce shi tun yana yaro, akwai ƙananan sakandaren dare da aka tanada, inda tsofaffi da baƙi ke zama aji ɗaya.

Ina can ina tuna hayaniyar da aka yi a Najeriya a 2024, lokacin da ministan ilimi Farfesa Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, iyaye suka yi caa, daga baya aka tsaya a 16. A Japan babu wanda zai yi wannan gardama, domin yaron da ya fara a 6 ya bi azuzuwa 12 ɗaya bayan ɗaya, lissafin kansa zai kai shi 18. Mu ma haka tsarinmu ya ce. Iyaye da masu makarantu, mu bar yara su yi aji shida.