Inda Baƙon Jirgi Ke Kwana

Duk wanda ya ga ƙaramin jirgin ruwa ya buɗe ƙyallensa iska na tura shi, tafiyar ce kawai za ta burge shi. Da wuya ya tambayi inda jirgin zai kwana. Alhali kuwa masu wannan harka sun fi ɓata lokaci a kan shawarar tsayawa, domin da rana ido biyu kake, da dare kuwa ka miƙa kanka da iyalinka ga igiya guda.

Jirgin da muke magana a kansa shi ne irin wanda ake ɗorawa bisa ƙaramar tirela, mota ta ja shi zuwa bakin ruwa, a gangara da shi, in hutu ya ƙare a mayar da shi gida. Manyan jirage suna da mazauni na dindindin da masu su ke biya duk shekara. Shi kuwa wannan, ko'ina ya je baƙo ne, kullum yamma sai an nema masa masauki.

Mun san haka ne a dogon hutun 2018, lokacin da wani tsohon ɗalibinmu da ke aikin likita a Ingila ya gayyace mu, muka yi kwana huɗu tare da shi da 'ya'yansa biyu cikin jirginsa mai tsawon mita 6, a yankin Broads na lardin Norfolk. Koguna ne da tafkuna haɗe da juna, hanyar jirginsu ta kai kimanin kilomita 200. A shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta gano cewa tafkunan ramuka ne da mutanen da suka haƙa suna ɗibar wata baƙar ƙasa da ake ƙonawa, daga baya ruwa ya cike su. Shi ya sa ba su da zurfi, ƙasansu kuma taɓo ne.

Masauki mafi sauƙi shi ne gaɓar da aka gyara da katako aka kafa turaku. Hukumar yankin, wadda ta fara aiki a 1989, ta tanadi irin waɗannan wurare inda jirgi zai tsaya awa 24, a lokacin galibinsu kyauta. Sai dai a watan Agusta wanda ya kai la'asar sakaliya bai iso ba, zai tarar an cike. A nan igiya biyu ake ɗaurawa, gaba da baya, a rataya balan-balan na roba a gefe don kada katako ya goge jikin jirgi.

In babu turke, akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya da ake cusawa cikin ƙasar gaɓa a taka shi da ƙafa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Amma gaɓa tana da mai ita. Inda aka kafa allon hani, ko inda tsuntsaye ke sheƙa cikin dogayen ciyayi, baƙon kirki wucewa yake yi.

Masauki na uku shi ne tsakiyar tafki. Mutanen wurin ba su cika jefa anka ba, wani dunƙulen ƙarfe suke saukarwa, na mai masaukinmu kilo 15 ne, ya nutse cikin taɓo, taɓon ya riƙe shi. Da shi muka kwana a tafkin Barton. Jirgin da aka ɗaure ta hanci kaɗai juyawa yake yi yadda iska ta so, har alƙiblar da muka duba da magariba ta koma wani gefen jirgi kafin asuba. Saboda haka dole a bar tazara tsakaninka da maƙwabci, gwargwadon tsawon igiya da na jirgi. Cikin dare iska ta ƙaru. Mai masaukinmu ya fita sau biyu da tocila, yana auna wata bishiya da wani turken alama da ya daidaita tun da sauran haske. Da muka tambaye shi, sai ya ce, "Malam, muddin suna kan layi ɗaya muna nan inda muke. In sun rabu, ƙarfen ya fara jan ciki, sai mu tashi yara."

Anka ta sosai, wadda ake buƙata a bakin teku da manyan tafkuna, aikinta daban ne. Ba nauyinta ke riƙe jirgi ba, haƙa take yi. Wadda masanin kimiyya Geoffrey Taylor ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930 siffar garma gare ta, kuma kamar garma, sai an ja ta a kwance take shiga ƙasa. In aka ja ta a tsaye, tumɓukewa take yi. Don haka ake haɗa mata guntuwar sarƙa, a saki igiya ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa. Wato a ruwa mai zurfin mita 3, igiya za ta kai mita 15 zuwa 21. Mai rowar igiya shi ne wanda gari ke waye masa a inda bai kwanta ba.

Ko a jikin gaɓa haka abin yake. Kusa da garin Great Yarmouth teku na cika kogi ta janye sau biyu a kwana guda, ruwa ya sauka fiye da mita 1. Wanda ya ɗaure jirgi tamau lokacin cika, in ruwa ya janye sai ya tarar da shi a rataye ya karkace, ko igiya ta tsinke, ko ta fizge maɗaurinta.

Mu da muka tashi muna ɗaure akuya a turke, mun saba da cewa ɗauri mai kyau shi ne mai tsauri. A ruwa ba haka ba ne. Ƙulli dai a tsaurara shi, amma igiya a ba ta sarari, domin ruwa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ka da ikon hana shi hawa da sauka. Abin da ke hannunka shi ne ka san ƙasar da ke ƙarƙashinka, taɓo ce ko yashi ko dutse, ka ba ta irin ƙarfen da take karɓa, ka duba inda iska za ta fito cikin dare, ka kuma zaɓi masauki tun rana na sama. Wanda bai sani ba ya tambayi 'yan gari, matambayi ba ya ɓata. Da safe kuma ya zare ƙarfensa, ya wanke taɓon, ya bar wurin yadda ya same shi, domin akwai wani baƙon a hanya.